Lasifika Biyu, Biyar ko Bakwai: Wanne Ya Dace da Falonka?

Duk wanda ya shiga shagon kayan sauti da niyyar sayen hom tiyata, abin da ake fara cika masa ido da shi shi ne lambobin da ke jikin kwali: 2.1, 5.1, 7.1, yanzu kuma har da masu lamba uku irin su 5.1.2 da 7.1.4. Farashi yana hawa ne yadda lambar ke hawa, shi ya sa mai saye yake ɗauka daɗin sauti ma haka yake hawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Ƙarin lasifika yana gyara sauti ne idan abu uku sun yarda: ɗakin da za a kafa su, abin da ake kallo, da kuɗin da za a raba a kansu. Idan ɗaya ya ƙi, lasifika bakwai za su iya kasa abin da uku masu kyau za su yi.

Lambar farko tana nufin lasifikokin da ke daidai da tsayin kunne. Ta biyu, wato ɗigo ɗaya ɗin nan, hanya ce ta musamman da aka keɓe wa sauti mai kauri, irin rugugin tsawa da fashewar abu, wanda wufa, wato lasifikar da aka yi musamman don irin wannan sauti, ke fitarwa, kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce Hz 120 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙanƙantar lambar, kaurin sautin). Ta uku, idan akwai ta, lasifikokin sama ne. Abin lura shi ne waɗannan lambobi hanyoyin sauti suke ƙirgawa, kowace da abin da aka zuba mata daban tun daga situdiyo. Akwati biyar da ke maimaita abu guda ba 5.1 ba ne, ko da an rubuta hakan a kwali da manyan baƙaƙe.

Kunne ne ke yanke hukunci

Mutum yana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar bambanci tsakanin kunnuwansa biyu. Sautin da ya taso daga dama yana riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma yana isa da ɗan ƙarfi fiye da yadda zai isa na hagu, domin kai ya tare shi. Da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke aiki. Amma ƙwarewar ba ɗaya ba ce ta kowace fuska. Ta gaba, kunne yana iya rarrabe sauti biyu da tazararsu ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Ta gefe ƙwarewar tana raguwa sosai, ta sama ma haka. Shi kuwa sauti mai kauri ƙwarai, wanda ke ƙasa da Hz 80, da wuya a nuna inda ya fito, saboda tsawon igiyarsa ya haura mita huɗu, kan mutum bai isa ya tare shi ba.

Daga nan za ka fahimci dalilin da ya sa a kowane tsari lasifikokin gaba su ne manya, su ne kuma ya kamata su ci mafi yawan kuɗi, sannan wufa ɗaya tak take iya ɗaukar sauti mai kauri na duk tsarin.

Biyu, da biyu da wufa

Tun 1931 injiniya Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar dabarar sitiriyo, wato sauti ta hanya biyu, hagu da dama, kuma har gobe a kanta ake ɗora komai. Idan lasifika biyu suka fitar da murya ɗaya da ƙarfi ɗaya, kai kuma kana zaune daidai tsakiyarsu, za ka ji muryar tana fitowa daga tsakiya inda babu lasifika ko ɗaya. Sharaɗin shi ne kai da su ku yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya: idan tsakaninsu mita biyu ne, kai ma mita biyu daga kowace. Wanda ya taɓa zama a wannan gurbi gaban lasifika biyu na kirki ya san ba ƙaramin abu ba ne. Za ka ji mawaƙi a tsakiya, kalangu ta hagu, 'yan amshi sun bazu a bayansa.

Rauninsa kuwa gurbin na mutum ɗaya ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma ƙwaƙwalwa tana bin sautin da ya riga isowa. Da zarar ka matsa gefe da taku ɗaya ko biyu, lasifikar da ta fi kusa da kai ta ƙwace muryar gaba ɗaya. Mai magana yana tsakiyar allo, muryarsa kuma tana fitowa daga lungun hagu.

Duk da haka, ga wanda yawancin saurarensa karatun Alƙur'ani ne, wa'azi, labarai, waƙoƙi da finafinan Hausa, nan ya kamata ya tsaya ya zuba kuɗinsa. Kusan duk waɗannan a sitiriyo aka ɗauke su, wasu ma a hanya ɗaya tak. Ƙara wufa, wato 2.1, yana sauke wa lasifikokin biyu nauyin sauti mai kauri, sai muryoyi su ƙara fitowa tas. Tazarar da ke tsakanin 'yan lasifikokin cikin talabijin da 2.1 mai kyau ta fi duk wata tazara da za ka ji a gaba.

Lasifikar tsakiya

Ita ce ba a cika yi wa talla ba, alhali a gidan da ake kallo da iyali ita ce ƙarin da ya fi kowane amfani. A finafinan da aka haɗa da 5.1, kusan duk maganar 'yan wasa ta hanyar tsakiya take bi. Idan akwai lasifika ta gaske a ƙarƙashin talabijin, muryar tana nan daram a allo, ko kana kujerar gefe, ko kana kishingiɗe a kafet, ko kana bakin ƙofa. Ka duba yadda muke zama a falo: maigida a doguwar kujera, uwargida a ta gefe, yara a ƙasa, baƙo a can kusa da taga. Babu wanda ke cikin gurbin sitiriyo sai mutum ɗaya, wani lokacin ma babu kowa.

Akwai wata fa'idar kuma. Tun da maganar tana da hanyarta daban, za ka iya ƙara mata ƙarfi ita kaɗai da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) biyu ko uku ba tare da ka ƙara ƙarar harbi da kiɗa ba. Duk wanda ya saba riƙe rimot da dare, yana ƙarawa idan ana magana yana ragewa idan an fara faɗa don kada yara su farka, zai san darajar wannan.

Sai dai fa ta zama mai kyau, kuma daga jerin kamfani ɗaya da na hagu da dama, don launin muryar kada ya canza yayin da mota ta ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yar ƙaramar lasifikar tsakiya mai ƙarar gwangwani tana ɓata abin da manya biyu suke yi da kyau. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kada kuma a tura ta can cikin durowar teburin talabijin. A jawo ta bakin teburin, a ɗan ɗaga gabanta ta fuskanci kunnen mai zaune.

Biyar da wufa

A shekarun 1970 an gwada lasifika huɗu, ɗaya a kowane lungu na ɗaki. Abin bai karɓu ba: kamfanoni sun fito da tsare-tsaren da ba sa jituwa da juna, ga shi kuma babu lasifikar tsakiya. Wanda ya zauna da gindinsa shi ne 5.1, wanda ya shiga gidajen sinima da tsarin sauti na Dolby Digital a 1992, na kamfanin DTS ya biyo baya a 1993, daga baya faifan DVD ya kai shi gidaje. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara yadda za a jera su a ƙa'idarta mai lamba BS.775: ta tsakiya a gabanka sak, hagu da dama a digiri 30 kowace, biyun kewaye kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120.

Ka lura da wannan lamba ta ƙarshe. Digiri 90 shi ne daidai kafaɗarka. Ke nan waɗanda muke kira lasifikokin baya a 5.1 ba a baya suke ba, a gefe suke, sun ɗan goce bayan kafaɗa kaɗan, kuma an fi so su ɗan ɗara kunne tsayi.

Me suke ɗauka? Ba magana ba, ba kuma kiɗa mai ƙarfi ba sai jefi-jefi. Galibi yanayin wuri ne: ruwan sama da ke zuba ta ko'ina, hayaniyar kasuwa, amsa-kuwwar babban zaure, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo. Mutane da yawa suna kafa su, su kasa kunne, su ce ba sa aiki, sai su ƙure musu ƙara. Kuskure ne. Idan an daidaita su yadda ya kamata ba ka cika lura da su ba sai an kashe su, a lokacin ne za ka ji falon ya tsuke, komai ya koma jikin bango ɗaya. Wannan buɗewar wuri ita ce ainihin abin da ake saye, kuma daga 3.1 zuwa 5.1 ne ake samun mafi yawanta.

Na shiga wani falo inda aka sayi 5.1 mai tsada, dogaye huɗu da ta tsakiya. Duk biyar ɗin an jera su a bangon talabijin, biyu ta hagu, biyu ta dama, an ɗora wa kowace ɗan kyalle mai ado da furen roba. Wayoyin na baya kuwa suna nan a naɗe da robarsu a bayan teburi, ba a ko warware su ba, domin matar gidan ba ta son waya ta ratsa mata tsakar falo, kuma tana da gaskiyarta. A wannan jeri, ruwan saman da ya kamata ya lulluɓe mai kallo yana fitowa ne daga inda magana ke fitowa, yana ma dusashe ta. Kuɗin lasifika biyu sun tafi a banza. Maganin bai fi siririn bututun roba da ake bi da waya ta gindin bango ba, ko a bi da ita ƙarƙashin kafet. Idan ka san ba za a yarda da wannan a gidanka ba, ka tsaya a 3.1 tun daga shago.

Bakwai da wufa

Tsarin 5.1 yana da giɓi. Daga lasifikar gaba da ke digiri 30 zuwa ta kewaye da ke 110 akwai digiri 80 babu komai, a bayanka kuma tsakanin biyun kewaye akwai kusan 140. Dabarar nan ta sa murya ta tsaya tsakanin lasifika biyu tana aiki sosai ta gaba, amma ta gefe ba ta da ƙarfi, domin duka biyun kunne ɗaya suke fuskanta. Shi ya sa a 5.1 jirgin da ya taso daga gaba zuwa baya yakan yi kamar ya yi tsalle maimakon ya ratsa a hankali.

An fara gwada cike giɓin da lasifika ɗaya a baya sak, wato 6.1, wajen 1999. Ba ta daɗe ba, domin sautin da ke bayan ƙeya daidai yana isa kunnuwa biyu lokaci ɗaya, kamar na gaba, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ruɗewa. Tsarin 7.1 ya raba ta biyu: na gefe suna tsakanin digiri 90 zuwa 110, na baya tsakanin 135 zuwa 150. Faifan Blu-ray da ya fito a 2006 yana iya ɗaukarsa, gidajen sinima kuma suka karɓi Dolby Surround 7.1 a 2010.

A babban ɗaki mai layin kujeru biyu, ko mai fili a bayan kujera, 7.1 ya fi 5.1, babu musu. Motsin sauti ya fi santsi, kuma mutane da yawa suna samun rabonsu. Amma ka tashi ka duba falonka. A yawancin gidajenmu doguwar kujera manne take da bango. To ina za a sa na bayan? Sai dai a kafa su a saman kan mai zaune, taku ɗaya daga kunnensa, inda za su danne duk sauran saboda kusanci, kuma kusurwarsu ba ta bambanta da ta na gefe ba. A ganina idan babu aƙalla mita ɗaya tsakanin bayan kujera da bango, 7.1 ɓarnar kuɗi ce. Ko 5.1 ɗin ma zai fi daɗi idan aka ɗan jawo kujerar gaba da taku ɗaya.

Lasifikokin sama

Dolby Atmos, wanda ya fara a sinima a 2012 ya shigo gidaje a 2014, ya canza lissafin. Maimakon a ce wannan sauti na lasifika kaza ne, sai a ba shi matsayi a sarari: yana nan sama ta hagu, yana tafiya baya. Na'urarka ce za ta duba lasifikokin da kake da su ta raba musu aikin. A sinima tsarin yana ɗaukar sautuka har 128 a lokaci guda, yana aika su ga lasifikoki har 64 kowace da nata. DTS:X da ya fito a 2015 ma haka yake aiki.  A irin wannan tsari ƙarin lasifika yana ƙara daidaito da gaske, tun da kowace sabuwa wani matsayi ne da sauti zai iya tsayawa.

Ga inda zaɓin yake da daɗin tattaunawa. Amfilifaya mai hanya bakwai, irin wadda ake kira AVR, wato na'urar da ke karɓar sauti ta raba wa lasifikoki, tana ba ka damar ɗaya cikin biyu: 7.1 ko 5.1.2. Lasifika bakwai ne duka, kuɗi kusan ɗaya. Ni 5.1.2 zan zaɓa a yawancin faluka. Biyun baya suna ƙara cika da'irar da dama akwai ta, biyun sama kuwa suna buɗe wata fuska da babu ita sam, kuma ba sa neman fili a bayan kujera. Wanda ke da hali da amfilifaya mai hanya tara, 5.1.4 ya fi, domin da huɗu a sama ne sauti ke iya tafiya daga gaba zuwa baya ta saman kai; da biyu, sama kawai yake. Shi kuwa 7.1.4 na wanda ya ware ɗaki ne musamman don kallo.

Akwai masu harba sauti sama ya daki silin ya dawo, don gudun huda rufi. Suna aiki ne kawai idan silin ɗin shafaffe ne, mai tauri, kuma kamfanin Dolby ya ce kada tsayinsa ya wuce ƙafa 14. Silin ɗin POP mai hawa-hawa da ramukan fitilu, ga fanka tana juyawa a tsakiya, yana watsa sautin ta inda ba a nufa ba. Idan kana cikin gini yanzu, ka sa a ja wayoyin lasifika ta cikin silin kafin a rufe shi, ko da ba ka shirya saye ba. Kuɗin waya ne kawai.

Sawunba fa? Doguwar lasifikar nan ta ƙasan talabijin tana zuwa da lambobi masu ban tsoro a kwali, amma yawancin lasifikokin da aka ƙirga suna cikin akwati ɗaya ne a gabanka, suna dogara da bango ya dawo da sautin ta gefe. Falon da gefensa ɗaya a buɗe yake zuwa wurin cin abinci ba shi da bangon da zai yi wannan aiki. Ta fi lasifikar talabijin nesa ba kusa ba, tana fito da magana sarai, ba ta da tarkacen waya. Idan sautin kewaye kake so da ita, nemi wadda ke zuwa da ƙananan lasifikokin baya guda biyu, ka kuma tuna galibinsu suna buƙatar soket kusa da inda za su zauna.

Wufa ta biyu ta fi lasifika ta shida da ta bakwai

Wannan shi ne wurin da ƙarin adadi yake biyan kuɗinsa ba tare da an sani ba. Sauti mai kauri yana kai da komo tsakanin bango da bango, a wani wuri ya haɗu ya ninka, a wani wurin ya kashe kansa. A ɗaki mai tsawon mita huɗu wannan yana farawa ne wajen Hz 43. Sakamakon shi ne wanda ke jingine da bango yana jin ƙirjinsa na girgiza, wanda ke tsakiyar ɗaki kuma yana tambaya ko wufar a kunne take. Ginin bulo da siminti irin namu ya fi tsananta abin, domin bangon ba ya shanye komai. Todd Welti na kamfanin Harman a Amurka ya yi bincike a kan wannan a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa wufa biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna, ko huɗu, suna daidaita sautin tsakanin kujeru fiye da guda ɗaya duk girmanta. Manufar ba ƙarin ƙara ba ce, kowa ya ji abu ɗaya ne.

Idan ɗaya gare ka, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa mai kauri, ka bi gindin bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji sautin ya fito a dunƙule ba tare da gunji ba, nan ne mazauninta. Mai zama a gidan haya kuma ya sani wannan sauti shi ne ke ratsa bango ya shiga ɗakin maƙwabci, haƙƙinsa yana kanka.

Me kake kallo, kuma ta ina yake shigowa?

Lasifika ba ta ƙirƙiro abin da ba a aiko mata ba. Bluetooth sitiriyo kawai yake ɗauka, don haka duk abin da ka tura daga waya hanya biyu ne ko da lasifika goma ke ɗakin. Mafi yawan abin da ke YouTube sitiriyo ne. Finafinan da ake turawa a filashi, waɗanda aka matse don su yi sauƙi, galibi an riga an mayar da sautinsu hanya biyu. Netflix yana ba da 5.1 a finafinai da yawa, Atmos kuma sai a tsarinsa mafi tsada. Na'urorin wasa irin su PlayStation 5 da Xbox suna fitar da sautin kewaye na gaske, kuma a wasa sanin ta inda abokin gaba ya taso yana da amfani kai tsaye.

Wayar haɗi ma tana da tata iyaka. Jan da farin nan na da, hanya biyu ne. Wayar haske, wato optical, tana ɗaukar 5.1 matsattse amma ba ta wuce nan ba. HDMI mai ARC, wato wanda ke kai sautin talabijin zuwa amfilifaya ko sawunba, yana ɗaukar 5.1 da Atmos irin na intanet a talabijin da yawa, cikakken Atmos na faifai kuwa sai eARC, sabon samfurinsa.

Amfilifaya tana iya baza sitiriyo zuwa lasifika biyar ko bakwai da dabaru irin su Dolby Surround da DTS Neural:X. Suna ƙoƙari: magana ta koma tsakiya, amsa-kuwwa ta koma gefe, a kallon ƙwallo ma abin yana da daɗi. Amma kintace ne na na'ura. Akwai kuma maɓallin da ke sa duk lasifikokin su fitar da abu ɗaya. Wannan na taron biki ne, yana cika wuri da ƙara, amma yana rusa duk wani sanin inda sauti ya fito.

Rabon kuɗi

Wani bincike da Francis Rumsey da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Surrey ta Ingila, aka wallafa a 2005, ya auna abin da masu saurare ke ba muhimmanci idan suna yanke hukunci kan sautin kewaye. Tsabtar sautin kansa, wato murya ta fito kamar murya, ta ɗauki kusan kashi 70 cikin ɗari, yanayin kewayen kuma kusan 30. Ka riƙe wannan a ranka idan kana tsaye a shago da kuɗi ƙayyadaddu. Raba su kan akwati takwas maimakon uku kamar ƙara wa miya ruwa ne don ta ishi jama'a: kowa zai samu, babu wanda zai ji ɗanɗano.

A Sabon Gari ko Alaba za ka ji mai shago yana cewa, "Alhaji, wannan wat dubu biyar ce, ga lasifika har bakwai, wancan kuwa biyu ne kacal." Ka tambaye shi, "Malam, wat nawa ne RMS a kowace hanya?" RMS shi ne ƙarfin da na'ura ke iya fitarwa a jere ba tsayawa; lambar nan mai dubbai da ake rubuta PMPO a gefenta kuwa ba ta da wata tsayayyar ƙa'idar awo. Ka juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket; ba za ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha ba. Kuma yawan lasifika ba shi ne ƙara ba: ninka ƙarfin wuta sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, alhali sai an kai kusan desibel 10 kunne yake jin ƙarar ta ninka.

Mai sayen ta hannu ya duba wutar da aka rubuta a baya. Wadda aka yi don kasuwar Amurka ta volt 120 ce, wutarmu kuwa 230, idan aka soka ta kai tsaye ba tare da tiransifoma ba ta ƙone nan take. Mai amfani da sola ko inbata kuma ya sa a lissafi cewa AVR da wufa suna jan wuta fiye da sawunba sosai.

Ɗakin ma yana da kasonsa a kuɗin. Falo mai tayil, bangon siminti da tagogin gilashi yana dawo da kowane sauti sau da yawa, kuma kowace lasifika da ka ƙara wata sabuwar amsa-kuwwa ce. Kafet mai kauri a tsakiya da labule masu nauyi za su gyara magana fiye da ƙarin lasifika biyu. Idan amfilifayarka ta zo da ɗan makirufo na awo, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, ka yi amfani da shi: ka kafa shi daidai tsayin kunne a inda kake zama, ka kashe fanka da janareta, a yi shiru har ya gama. Shi ne zai gyara bambancin nisa, don sautin lasifikar da ke kusa kada ya riga na nesa isowa.

To wanne?

Ɗaki ƙarami, ko wanda abin saurarensa daga waya da YouTube yake: 2.0 ko 2.1 mafi kyau da kuɗinsa zai iya saye. Falon iyali mai kujeru jikin bango, inda ba a son waya a ƙasa: 3.1, ko sawunba mai lasifikar tsakiya ta gaske. Mai kallon finafinan waje da wasan bidiyo, wanda zai iya kai lasifika biyu gefen kujera: 5.1, kuma yawancin mutane a nan ya kamata su tsaya. Idan kuɗi sun rage bayan haka, ni wufa ta biyu zan fara sa wa gaba, sai biyun sama, biyun baya su zo ƙarshe, su ma sai in akwai fili a bayan kujera.

Ba dole ba ne a saya gaba ɗaya. Hom tiyata na kwali ɗaya ba ya karɓar ƙari, wayoyinsa ma sau da yawa nasa ne shi kaɗai, idan ɗaya ta lalace sai a rasa madadi. Da AVR mai hanya bakwai kuwa za ka iya farawa da lasifika biyu masu kyau bana, ka ƙara wufa baɗi, ta tsakiya ta biyo baya. Ranar da ka samu halin sayen manya don gaba, tsofaffin biyun su koma gefen kujera su zama na kewaye.

Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kunna gwajin da ke sa kowace lasifika ta yi ƙara ita kaɗai bi da bi, don ka tabbatar hanyoyin a rabe suke da gaske. Sannan ka kunna muryar wani da ka sani sosai, mai karanta labarai ko malamin da ka saba ji, a ƙarar da za ka saurara da dare a gida, ka matsa gefe ka ji ko kalmomin suna nan a fili.